Ƙasar Baɗi: Abin da Makiyayan Yammacin Amurka Suka Koya Game da Sa Rai

A hunturun da ya ratso daga 1886 zuwa 1887, wasu 'yan kasuwa biyu mazauna birnin Helena, a yankin Montana na ƙasar Amurka, suka aika wasiƙa zuwa ga mutumin da ke kula musu da shanu a can cikin daji, suna son sanin halin da garkensu yake ciki. Mutumin ya zauna da alƙalami a hannu, ya rasa ta inda zai fara. A bukkar da yake akwai wani saurayi makiyayi ɗan shekara 22 mai suna Charles Russell, wanda hannunsa ba ya rabo da zane-zane. Saurayin ya ɗauki wani guntun kwali da bai fi tafin hannu ba, ya zana sa guda ɗaya tal: haƙarƙari a waje har ana iya ƙirgawa, ƙafafu sun nutse cikin dusar ƙanƙara, kai a sunkuye, ga kyarketai sun yi masa zobe suna jiran ya faɗi. A ƙasan hoton ya rubuta cewa san nan yana jiran "shinuk", wato wata iska mai ɗumi da kan gangaro daga duwatsun Roki ta narkar da ƙanƙara cikin ɗan lokaci. Aka aika da hoton, don ya riga ya faɗi duk abin da wasiƙa za ta faɗa. Daga wannan guntun kwali sunan Russell ya fara fita, har ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu zanen rayuwar yammacin Amurka.

Wanda ya taso yana kallon fina-finan kaboyi ya san wannan yanki da doki da malafa da bindiga a kugu. Amma harsashi kaɗan ne cikin abin da ya ci rayuka da dukiya a can. Fari, da sanyi, da fara, da bashi, da kaɗaici, su ne suka yi aikin. Duk da haka mutane suka yi ta kwarara, suna kafa gandun kiwo a inda babu gari babu kasuwa, ana karya su suna sake tashi. Har mutanen gabashin Montana suka laƙaba wa yankinsu suna "ƙasar baɗi", saboda kowace shekara in bana ta ƙi, sai ka ji makiyayi yana cewa baɗi za ta yi kyau. Amurkawa kan yi alfahari da wannan hali, su kira shi ƙarfin zuciya. Ni kuwa ina ganin an cakuɗa abubuwa biyu ne a tukunya ɗaya, alhali Hausa ta daɗe da raba su: akwai sa rai, akwai dogon buri. Dogon buri shi ya kai san da Russell ya zana inda zai tsaya yana jiran iska ta cece shi. Sa rai kuwa shi ya raya waɗanda suka saura bayan ƙanƙara ta narke. Tarihin shekaru hamsin na wannan yanki kusan duka tarihin koyon wannan bambanci ne, kuma an biya kuɗin karatun da tsada.

Ƙasar da ba ta jin lallashi

Sai an san ƙasar kafin a fahimci mutanenta. Daga tsakiyar Amurka zuwa gindin duwatsun Roki akwai wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai ciyawa, ba itatuwa sai a bakin rafi, ta miƙe tun daga Teksas har cikin Kanada. Ruwan da ke sauka a yawancinta bai kai milimita 500 a shekara ba, kusan abin da ake samu a kewayen Maraɗi, sai dai a nan bayan zafin bazara akwai hunturun da ke daskarar da kogi. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a wata doka da ta ba duk magidanci, namiji ko mace, eka 160 kusan kyauta, muddin zai zauna a kai shekara biyar ya gina ɗaki ya yi noma. Eka 160 dukiya ce a gabas inda ake da ruwa. A busasshen yamma, inda saniya ɗaya kan buƙaci eka 20 ko 30 kafin ta ƙoshi a shekara, wannan fili bai isa riƙe shanu goma ba. Akwai wanda ya faɗi haka tun da wuri. John Wesley Powell, tsohon soja mai hannu ɗaya da ya kewaya yankin ya auna ruwansa, ya gabatar wa gwamnati rahoto a 1878 yana ba da shawarar a ba makiyayi eka 2,560, a kuma tsara zama bisa inda ruwa yake. Majalisa ta yi watsi da maganarsa. Abin da mutane suka fi son ji shi ne wata magana da masu tallan filaye da kamfanonin jirgin ƙasa ke yaɗawa, wai ruwan sama yana bin garma, wato da zarar an kafta ƙasa an yi shuka, sama za ta saki ruwa. An dace da 'yan shekaru masu damina, sai ƙaryar ta yi kama da gaskiya.

A ɓangaren kiwo ma haka aka yi. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, Teksas ta cika da shanu masu dogon ƙaho, ana sayar da sa a kan kimanin dala 4, alhali a kasuwannin arewa yana kaiwa dala 40. Daga 1867 aka fara koro su dubu-dubu zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a Kansas, tafiyar wata biyu ko uku, daga nan jirgi ya kwashe su zuwa mahautan Shikago. Da aka ƙarar da ɓaunayen da ke kiwo a filayen arewa, aka kuma tattara 'yan asalin ƙasar aka killace, sai ciyawar Wayomin da Montana da Dakota ta zama tuwon sadaka. Filin na gwamnati ne, ba haya ba haraji, ba shinge ba rumbu. Ka saki shanunka da lalas ɗinka a jikinsu, su nemi abincinsu rani da hunturu, sau biyu a shekara a tattaro su a ware na kowa. A 1881 wani hafsan soja, James Brisbin, ya fitar da littafi yana lissafa wa masu kuɗi yadda jari zai riƙa ninka kansa a wannan sana'a. Kuɗi suka kwararo daga Niyok da Landan da Edinbara. Wasu kamfanoni sun sayi garke ba tare da sun ƙirga kai ko ɗaya ba, sai dai adadin da ke rubuce a littafin mai sayarwa, wanda ke ɗauka cewa kowace saniya ta haihu kuma kusan babu wadda ta mutu. Kallon kitse ake yi wa rogo, kuma kowa yana kiran abin da suna kyakkyawan fata.

Hunturun da ya yi alƙalanci

Alamu sun bayyana ga mai ido. Zuwa 1886 shanu sun fi ƙarfin ciyawa, farashi ya faɗi a Shikago, bazarar shekarar ta zo da zafi da fari, rafuka suka ƙafe, shanu suka shiga kaka a rame. Tsofaffin mazauna sun lura da fararen mujiyoyi na ƙasashen ƙanƙara suna gangarowa kudu, abin da ba a saba gani ba. Dusar ƙanƙara ta fara zuba tun a Nuwamba, ba ta tsaya ba. Sai aka samu ɗan ɗumi na kwanaki da ya narkar da samanta, sanyi ya dawo ya daskarar da ita ta zama kamar faranti, ciyawa na ƙasa ba halin tonowa. Shanu suka yi ta yanke ƙafa da hanci suna neman abin ci. A Janairun 1887 sanyi ya wuce digiri 40 ƙasa da sifiri a wurare da dama. Saniya in iska ta matsa mata takan juya mata baya ta yi ta tafiya, don haka garkuna suka yi ta gangarawa har suka ci karo da shinge ko suka faɗa kwazazzabo, suka taru a kan juna suka mutu. Waɗanda suka kai cikin garuruwa sun ci ɓawon itace da takardar kwalta da ake lulluɓe bukkoki da ita. Da shinuk ta iso a Maris, koguna suka cika suka riƙa wucewa da mushe. Makiyaya da yawa sun rasa rabin garkensu ko fiye, wasu kusan duka. Alexander Swan, wanda kamfanin Edinbara ya gina babban gandun Wayomin a kan sunansa, ya karye a wannan shekarar. Yaran kiwo, da ba sa rasa ba'a ko a wurin makoki, suka sa wa shekarar suna mai ma'anar babban taron mutuwa, suna kwaikwayon sunan taron tattara shanu da suka saba.

Mutum uku sun isa su nuna yadda aka karɓi wannan jarrabawa. Theodore Roosevelt, ɗan masu kuɗin Niyok, ya koma Dakota a 1884 bayan mahaifiyarsa da matarsa sun rasu rana ɗaya a gida ɗaya, ranar 14 ga Fabrairu. Ya zuba kimanin dala 80,000 a gandu biyu a bakin kogin Ƙaramar Misuri. Da ya dawo a bazarar 1887 ya tarar da kwari cike da ƙasusuwa, ya yi asarar wajen rabin jarinsa, ya janye jiki a hankali ya koma siyasa. Ya zama shugaban ƙasa a 1901, ya kuma yi suna wajen kare dazuzzuka da namun daji, abin da ya samo tushe daga ɓarnar da ya gani da idonsa. Granville Stuart, tsohon hannu a Montana, ya bar sana'ar ɗungurungum, yana mai cewa ba ya son ya sake mallakar dabbar da ba zai iya ciyarwa ya ba ta mafaka ba. Na uku shi ne Conrad Kohrs, Bajamushe da ya fara da sana'ar fawa a sansanonin masu haƙar zinariya kafin ya sayi gandu a kwarin Deer Lodge a 1866. Shi ma ya yi asara mai yawa, amma yana da gida a kwari mai mafaka da shanu masu kyawun iri a kusa da hannu. Ya ci bashi mai nauyi a wurin wani mai banki na garin Butte, ya sayi shanu a lokacin da kowa ke gudu, ya sake ginawa, ya biya bashin. Gandunsa yana nan har yau, gwamnati ta mai da shi wurin tarihi.

Abin da Kohrs da ire-irensa suka yi bayan 1887 shi ne ƙashin bayan maganata. Ba su daina sa rai ba, ai wanda ya fid da rai ba ya cin bashi ya sayi shanu. Abin da suka daina shi ne dogara ga hunturu ya yi musu sauƙi. Suka rage garke zuwa adadin da za su iya ciyarwa. Suka sayi filayen bakin rafi, suka ja ruwa, suka shuka ciyawa. Yaron kiwon da ya ɗauki sauka daga kan doki a matsayin ƙasƙanci ya koyi yankan ingirici da tara shi tsibi-tsibi duk tsawon bazara. Waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, ta ba su damar ware makiyayar hunturu a hana shanu taɓa ta sai lokacinta. Famfon iska ya riƙa jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa inda babu rafi. Aka maye gurbin masu dogon ƙaho da shanun Hereford masu farar fuska da suka fi nama. Kowane ɗaya cikin waɗannan aiki ne na mutumin da ya munana zato ga yanayi, ya kuma kyautata zato ga rayuwa a lokaci guda. Mai tara ingirici yana cewa ne hunturu zai yi muni, kuma ni da shanuna za mu ga bayansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu ƙaramin ƙarfi

Kada a ɗauka wannan darasi na manyan masu garke ne kawai. Ƙaramin makiyayi ya fi su buƙatarsa, don shi ba shi da banki a bayansa. Ɗakinsa na farko sau da yawa na hoge ne, ana yanko saman ƙasa da saiwar ciyawarta a jera kamar tubali, macizai da ɓeraye na leƙowa ta rufi. Makamashinsa busasshen kashin shanu. Kuɗi sau ɗaya yake shigowa a shekara, lokacin sayar da shanu da kaka, kuma maraƙin da aka haifa bana sai ya yi shekaru kafin ya kai kasuwa. Mutumin da bai yarda akwai baɗi ba, ba zai ma fara wannan sana'a ba. Ga bala'o'in da ba shiri ke tare su ba: farar 1874 da ta rufe rana ta cinye kore har ta sa ƙafafun jirgin ƙasa santsi a kan dogo, da guguwar ƙanƙarar 12 ga Janairun 1888 da ta faɗo da rana tsaka bayan safiya mai ɗumi, ta kashe mutum fiye da 200, da yawansu yara masu komowa daga makaranta. Sai kuma kaɗaici, wanda ya fi cin mata, inda maƙwabci mafi kusa yake tafiyar sa'o'i, iska na kuka dare da rana. Maganin da suka samo shi ne juna. Ranar yi wa maruƙa lalas, maƙwabta kan taru a gandu ɗaya su gama su koma na gaba, ba a biyan kowa sai abinci, tamkar gayya. Da wayar tarho ta yaɗu a ƙarshen ƙarni na 19, makiyaya suka gano cewa wayar shinge ma tana ɗaukar murya. Suka haɗa akwatunan tarho da layin sama na shingensu, gidaje da dama a kan layi ɗaya, kowa da irin ƙarar ƙararrawarsa. Da maraice a karanta labarai ko a kaɗa kiɗa kowa ya ɗauka ya saurara, in haihuwa ta zo da gardama a kira taimako. Wayar da aka ƙera don raba mutane ita ta koma tana haɗa su.

Babu wadda ta bar wa duniya hoton wannan hali kamar Elinore Pruitt Stewart. Wanki da sharar gidajen mutane take yi a birnin Denba, da 'yarta ƙarama, kafin a 1909 ta karɓi aikin kula da gidan wani makiyayi a Burntfork, can kudu maso yammacin Wayomin. Ta yi rajistar filinta na eka 160 kusa da nasa, ta aure shi 'yan makonni bayan isowarta. Wasiƙun da ta riƙa aika wa tsohuwar uwar ɗakinta sun fito a mujalla a 1913, aka buga su littafi a 1914. Cike suke da raha da son duwatsu da labarin maƙwabta. Amma wanda ya karanta da natsuwa zai ga raharta ba ta zaman kashe wando ba ce. Ita ke hawa injin yankan ciyawa in an rasa ma'aikaci, ta tatsi shanu, ta noma dankali, ta cika ɗaki da abincin gwangwani na gida kafin sanyi. A wannan gida ta binne ɗanta na fari yana jariri. Farin cikinta wani aiki ne cikin ayyukan gida, tana yin sa kullum kamar yadda take hura wuta, domin ta san in uwar gida ta karaya a wurin da babu kowa, gidan ya karaya.

Abin da za a iya cewa

Mai hankali zai iya tsayar da ni a nan ya ce, ai labarin waɗanda suka tsira kake ba mu. Waɗanda suka ɗaure kayansu a keken doki suka koma gabas ba su rubuta littafi ba, kuma su ma sun sa rai, wasunsu ma sun tara ingirici. Wannan gaskiya ce, kuma ta fi haka zafi. Masana tarihi sun gano cewa ita kanta Elinore Stewart ba ta kai ga mallakar filin nan da sunanta ba, ta sake shi a 1912 surukarta ta karɓa, abin da wasiƙun ba su faɗa ba. Roosevelt ya koma gidan dukiya, Kohrs ya samu mai ba shi bashi. Baƙaƙen fata da suka fito daga bauta suka kafa garin Nicodemus a Kansas a 1877 sun haƙa ramuka sun zauna, sun jure, sun gina coci da makaranta da shaguna, sai layin dogo ya kauce musu ya bi ta wani gari, kasuwancinsu ya bi shi. Babu ƙarfin zuciyar da ke karkato da dogo. Na yarda da duk wannan, amma abin da yake rushewa shi ne da'awar cewa sa rai yana tabbatar da nasara, ni kuwa ban yi wannan da'awa ba. Abin da nake cewa shi ne cikin mutanen da ƙaddara ɗaya ta faɗa wa, wanda ya yi tanadi ya fi samun abin da zai sake farawa da shi, kuma wanda bai fid da rai ba shi kaɗai ke amfani da abin da ya saura. Barin wuri ma ba kullum ne karaya ba. Granville Stuart ya bar shanu ya yi wasu ayyuka har da jakadanci a Kudancin Amurka. Wani lokaci sa ran mutum shi ke gaya masa cewa baɗinsa ba a wannan fili take ba.

Ƙorafi na biyu ya fi kaifi: in kyakkyawan fata ne ya cika fili da shanu har suka mutu, me zai hana a ce shi ne cutar, a yabi mai taka-tsantsan kawai? Shaida ma tana nan, domin an sake maimaita kuskuren. A 1909 aka ninka filin da ake bayarwa zuwa eka 320, kamfanonin jirgin ƙasa suka baza talla har Turai, dubban iyalai suka cika gabashin Montana, aka dace da damina mai kyau da tsadar alkama lokacin yaƙin duniya na farko. Daga 1917 fari ya sauka, mutane dubu-dubu suka watse, kusan rabin bankunan jihar suka rufe cikin shekarun da suka biyo. A shekarun 1930 filayen kudu da aka kafce suka tashi sama suka zama guguwar ƙura. Sai a 1934 gwamnati ta kafa dokar da ta ƙayyade yawan dabbobin da za a saka a filayenta, shekara 56 bayan rahoton Powell. To amma a duba su wa suka riƙa tallan wannan fata. Mai sayar da fili ne, da mai jirgin ƙasa, da mai hannun jari a Edinbara, mutanen da ribarsu ke shigowa tun kafin hunturu, kuma ba su ne za su tsaya cikin ƙanƙara ba. Hanya mafi sauƙi ta gane dogon buri ita ce a tambayi wa zai biya in lissafi ya ƙi. Powell kuwa, da aka yi wa kallon mai baƙin baki, tsarin zama mai ɗorewa ya zana, da gandu da ruwa da maƙwabta masu haɗa kai. Mutumin da bai yarda yankin yana da gobe ba ba zai ɓata shekarunsa yana auna rafukansa ba. Cikin su duka shi ya fi sa rai, don shi kaɗai ya yi lissafin jikoki.

Akwai magana ta uku da ba ta da amsa mai daɗi, kuma bai kamata a nema mata ba. Filin da baƙi suka kira sabuwar ƙasa yana da masu shi. Lakota da Shayen da Komanci da sauransu sun rayu a kansa da ɓauna, wadda yawanta ya kai miliyoyi masu yawa kafin a ƙarar da ita ta koma 'yan ɗaruruwa a ƙarshen shekarun 1880. Baɗin makiyayi an gina ta ne a kan jiyan wani. Wannan ba ya mai da wahalar matar da ta binne jaririnta ƙarya, amma yana hana mu ɗaukar kyakkyawan fata a matsayin shaidar gaskiya. Mutum zai iya cika da fata alhali yana tsaye a kan haƙƙin wani. Yana kuma da kyau a tuna cewa in ana neman misalin rashin fid da rai a wannan yanki, babu wanda ya kai na waɗannan al'ummomi, da aka raba su da ƙasa da abinci da harshe, suka wanzu, yau ga wasunsu suna kiwon shanu, suna kuma mayar da garkunan ɓauna filayensu.

A kudu maso yammacin Montana akwai wani kwari mai tsawo da sanyi da ake kira Big Hole, wanda aka yi wa kirari da kwarin tsibin ingirici dubu goma. A farkon ƙarni na 20 makiyayansa suka ƙera wani dogon tsani na katako mai gangara, ana ɗora masa ciyawa a ja ta sama ta zubo ta baya, ta taru ta yi tsibi kamar gida. Har yau akwai iyalan da ke aiki da shi. Bazararsu gajeriya ce, don haka a watan Yuli da Agusta, lokacin da rana ta fi daɗi kuma babu alamar ƙanƙara ko a mafarki, kowa yana fili tun asuba, yara da manya, ana tara abincin watan Fabrairu. In ka tambayi ɗayansu yadda shekara take, zai iya ce maka bana sai a hankali, amma baɗi za ta yi kyau. Kalmomin su ne dai waɗanda masu littafin lissafi suka faɗa a 1886. Bambancin yana bayansa, a tsaye, tsibi bayan tsibi har gindin dutse, kuma saboda shi ne san wannan mutum ba zai tsaya yana jiran shinuk ba.